Kwana uku a kan keke don tara gudummawa: yaya ake shirya jiki?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na sa sunana a wata tafiyar keke da aka shirya domin tara wa yara masu ciwon zuciya kuɗin magani. Tafiyar ta kwana uku ce, jimillarta kimanin kilomita 330, wato 110 ke nan a kowace rana, kuma saura mako 16 a tashi. Keke ba baƙona ba ne, domin da shi nake zuwa aiki in dawo, sai dai tafiyar ba ta wuce rabin awa, kuma ban taɓa zama a kan sirdi na awa biyu a jere ba. Abin da na ƙudura shi ne in fita a ƙarshen makon nan in gwada kilomita 110 ɗin gaba ɗaya, idan jikina ya ɗauka sai in riƙa maimaitawa kowane mako har ranar ta zo. Mutane sun riga sun fara yin alkawarin abin da za su bayar, kuma ba na so in ba su kunya. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya, amma ina roƙonka ka janye batun kilomita 110 a makon nan. Mai yiwuwa ne ka kai, domin taurin rai yana kai mutum inda ƙarfinsa bai isa ba, amma abin da za ka samu shi ne gwiwa mai ciwo da mazaunai masu ƙuna, sannan ka yi kwana goma ba ka ko son ganin keken, alhali makonnin da suka rage maka ba su da yawa.

Ka daina lissafi da kilomita tukuna, ka koma lissafi da awa. Idan kana tafiyar kilomita 20 a awa ɗaya, wadda ita ce tafiyar da akasarin masu irin wannan hawa suke yi, kilomita 110 za ta ci maka awa biyar da rabi kana taka feda, ban da tsayawar sha da ci da gyara. Abin da ake so ka koya wa jikinka ke nan, wato zama a kan sirdi na tsawon wannan lokaci ba tare da ya rushe ba. Ka fara da fita uku a mako ban da zuwa aiki: biyu gajeru na kamar awa ɗaya, ɗaya kuma doguwa a ranar hutu. Doguwar ta fara daga awa ɗaya da rabi, ka riƙa ƙara mata minti 20 zuwa 30 a kowane mako. Bayan kowane mako uku na ƙari, na huɗun ka rage kusan rabi, domin ƙarfin da ake nema ba a kan hanya yake shiga jiki ba, yana shiga ne a lokacin hutu da barci, sa'ad da tsoka take gyara abin da aiki ya ɓata.

Game da sauri kuwa, ma'auninka shi ne bakinka. Idan za ka iya yi wa abokin tafiya magana da cikakkiyar jimla ba tare da haki ya katse ka ba, to kana daidai. Idan sai kalma biyu ka ja numfashi, ka yi sauri da yawa.

Guguwa:
Baba, da girmamawa, ban gamsu da rabin maganar nan ba. Mutumin da ke aiki daga safe zuwa yamma ba shi da awannin da zai riƙa yawo a hankali yana hira. Idan lokaci kaɗan ne, dole a matse shi. Ni a ganina fitar tsakiyar mako ta zama ta wuta: minti huɗu da ƙarfi har sai numfashi ya ƙure, minti uku a sassauta, a maimaita sau huɗu ko biyar. Wannan shi ke buɗe huhu ya ƙarfafa zuciya, kuma wanda ya saba da shi zai ji tafiyar kilomita 20 a awa kamar wasa. Tafiyar sannu tana koya wa mutum sannu ne kawai.

Baban Yara:
Ɗana, ban ce a jefar da abin da ka kawo ba, na ce ne ba shi ne tushe ba. Stephen Seiler, masanin kimiyyar wasanni ɗan Amurka da ke aiki a Norway, ya bi diddigin yadda manyan 'yan wasan juriya suke atisaye, ya tarar kusan kashi 80 cikin ɗari na fitarsu a sassauce suke yin ta, ragowar ce kawai ta ƙarfi. Idan waɗanda ke neman lambar zinare haka suke yi, ban ga dalilin da zai sa mai tara gudummawa ya fi su zafi ba. Fita ɗaya ta ƙarfi a mako ta isa, ita ma sai bayan ya yi wata guda yana gina tushe, saboda zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki fiye da jijiyoyin gwiwa da na agara, kuma a wannan tazarar ne rauni yake samun ƙofa.

Sannan akwai abin da har yanzu ba mu taɓo ba, kuma shi ne ainihin matsalarsa. Ranar farko ba ta cika kayar da kowa ba, domin akwai zumuɗi, akwai jama'a, kuma jiki sabo ne. Safiyar rana ta biyu ita ce jarrabawa, lokacin da mutum zai tashi cinyoyinsa sun yi nauyi, wuyansa ya sage, ya kuma ɗora mazaunansa a kan sirdin da ya azabtar da su jiya. Masu ratsa Birtaniya daga Land's End zuwa John o' Groats, tafiyar kusan kilomita 1,400 da aka saba yi don taimakon ƙungiyoyin agaji, galibi suna ɗaukar kwana 10 zuwa 14, kuma abin da ke kai su ba gudu ba ne, iya sake hawa gobe ne. Shirin irin wannan ya bambanta da na tafiyar yini ɗaya kamar ta Landan zuwa Brighton, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 87 ba, mutum ya gama ya koma gida ya kwanta. Saboda haka daga mako na takwas ya fara haɗa kwana biyu a jere, misali awa uku yau, awa biyu gobe, ya riƙa ƙarawa har ya kai awa huɗu da rabi yau, awa uku da rabi gobe. Minti huɗun da kake magana ba za su koya masa wannan ba.

Mai Gyaran Keke:
Kafin a yi nisa a batun awanni, ina so a duba keken kansa, domin keken da bai dace da jikin mai shi ba yana iya ɓoye aibinsa a tafiyar rabin awa, amma a awa ta uku sai ya tona. Mafi yawan waɗanda suke kawo mini keke sirdinsu ya yi ƙasa, saboda suna so ƙafarsu ta taɓa ƙasa suna zaune. Ɗan Auta, ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Ya kamata ƙafarka ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da tudun tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa, abin da masu aunawa suke sawa tsakanin digiri 25 zuwa 35. Akwai kuma lissafin da aka sani da sunan Greg LeMond, wanda ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: ka auna tsawon ƙafarka ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi ba takalmi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar ƙarfen da feda ke juyawa a kai da saman sirdi. Mai ƙafar santimita 82 zai sami kusan 72 da rabi. Wannan mafari ne, ba hukunci ba, kuma idan za ka canza tsayin ka yi shi kaɗan-kaɗan, milimita uku zuwa biyar a lokaci guda, ka sa alama a jikin ƙarfen.

Jiki ma yana ba da labari. Ciwo a gaban gwiwa galibi sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayanta kuma ya yi sama. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka riƙa mutuwa, nauyi ne ya yi wa jijiyar tafin hannu yawa, sai a ɗaga kan keken ko a matso da shi, a kuma riƙa sauya wurin riƙo. Abu na ƙarshe, ka bar son sa keken a giya mai nauyi. Ka zaɓi wadda ƙafarka za ta zagaya sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya. Da farko za ka ji kamar kana wahalar banza, amma gwiwarka za ta gode maka.

Uwar Biyu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina hawa, saboda haka bari in faɗi ɓangarena. Ƙanena, ba ka faɗi shekarunka ko lafiyarka ba. Idan kana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, ko sikila, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri a lokacin aiki mai ƙarfi, ka ga likita kafin ka fara ƙara awanni. Wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, don haka mai shan su ba zai dogara da agogon auna bugu ba, gwajin magana da Baba ya kawo ya fi masa amfani.

Abu na biyu shi ne ci a kan hanya, wanda sababbin mahaya suke rainawa. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kimanin giram 500 a babban mutum, kuma wannan ajiya tana iya ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. Ranar da ta ƙare maka a kan hanya ba za ka manta ba: ƙafafu su mutu a lokaci guda, gumi mai sanyi ya karyo, hannu ya riƙa rawa, ɗan tudun da ba ka ko lura da shi a da ya zama dutse, kuma mutum ya riƙa jin haushin kowa ba dalili. Shawarar da masana suke bayarwa ga tafiyar da ta wuce awa ɗaya ita ce giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25, sai ka yi lissafi. Ka fara ci tun a awa ta farko, kada ka jira yunwa, kuma ka gwada duk abin da za ka ci a lokacin atisaye, domin ciki ma sai an koya masa karɓar abinci ana cikin motsi. Abin da ka ci a awa biyun farko bayan ka sauka kuwa, shi ne jarin gobe.

Guguwa:
Anti, a batun ruwa dai na san ba za mu saɓa ba. A sha sosai tun kafin ƙishi ya zo, gora bayan gora, ruwa ba ya yawa.

Uwar Biyu:
A nan ma mun saɓa, ƙanena, domin ruwa yana yawa. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla na awanni fiye da abin da yake fitarwa, gishirin jininsa yana iya sauka ƙasa da kima, ya fara ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, kuma abin yana iya kaiwa ga rasa rai. Abin lura shi ne an fi ganin haka a cikin masu tafiya a hankali waɗanda suka daɗe a kan hanya suna tsayawa a kowace tashar ruwa, wato irin mutanen da ke cika tafiyar gudummawa. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya san gumin kansa. Ka hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa bayan awa ɗaya, ka haɗa da abin da ka sha. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Ana so kada raguwar ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, kuma kada mutum ya sauka ya fi yadda ya hau nauyi. A doguwar tafiya a haɗa da abin da ke da gishiri. Idan kuma tafiyar za ta faɗo a lokacin zafi, jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 yana aiki a cikin zafin kafin ya saba, don haka wanda duk atisayensa da asuba yake yi ya sa wasu fitar a lokacin da rana ta ɗaga, a hankali.

Ɗan Auta:
Na gode ƙwarai, na janye batun ƙarshen makon nan, zan fara da awa ɗaya da rabi. Na auna sirdina kamar yadda Malam mai gyaran keke ya ce, na tarar ya yi ƙasa da kusan santimita uku. Tambayata ta gaba ita ce, tunda zaman ne matsala, ba gara in sayi sirdi mai faɗi mai laushi ba? Sannan har yanzu zuciyata ba ta kwanta da in je ranar ban taɓa yin kilomita 110 ko sau ɗaya ba.

Mai Gyaran Keke:
Kada ka ɗaga santimita ukun a rana ɗaya, ka raba su cikin mako biyu. Sirdi mai laushi kuwa daɗinsa na minti 20 ne. Bayan haka ƙasusuwan zama biyu suna nutsewa cikin soson, soson kuma ya taso ya danne naman da ke tsakani, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke, faɗin kuma ya riƙa gugar cinya. Abin da ake nema shi ne sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya dace da tazarar ƙasusuwan nan, a kwance daidai, bakinsa bai ɗaga sama ba. Ka haɗa da gajeren wandon keke mai soso a ciki, wanda ake sawa ba tare da wani wando a ƙarƙashinsa ba, domin ɗinki shi ke cin fata. Ka tanadi aƙalla biyu saboda kada ka maimaita wanda ba a wanke ba, kuma kana sauka ka cire ka yi wanka. Ka saba da miƙewa tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙu kowane minti 15 ko 20. Idan wani ƙurji ya fito a wurin, a huta masa tun yana ƙarami.

Madugu:
Na sha jan ayari a irin wannan tafiya, kuma abin da ya fi ba mu wahala ba masu rauni ba ne, masu ƙarfin da ba su taɓa tafiya cikin mutane ba ne. Wanda duk atisayensa shi kaɗai ya yi, ranar da ya tsinci kansa da keke a gaba, keke a baya, keke a gefe, sai ya riƙa damƙe birki ba zato, ko ya kauce wa rami ba tare da ya nuna wa na baya ba. Ka nemi 'yan uwa mahaya ka fita da su aƙalla sau biyu a wata. Ka koyi nuna rami da hannu, da faɗin cewa za ka tsaya kafin ka tsaya, da sha daga gora ba tare da keken ya yi lilo ba. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka, domin idan suka taɓa juna kai ne za ka faɗi. Hular kwano kuwa ba abin muhawara ba ce.

Ribar ayari babba ce. Wanda ya fake a bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin da iska ke ci, gwargwadon sauri da kusanci. Kuma iska ba ta da adalci: daga kilomita 20 a awa zuwa 25, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kusan ninkawa yake yi. Wannan ne ya sa wanda ya biye wa masu gudu a awa biyun farko yake ƙarasa yinin a motar rakiya.

Akwai kuma nauyin alkawarin da ka ambata. Na ga waɗanda suka ci gaba da atisaye da gwiwa a kumbure saboda kunyar masu bayarwa, har suka rasa tafiyar gaba ɗaya. Ka gaya wa mutanenka tun yanzu cewa gudummawar ta yaran ce, ba farashin kilomita ba ce, kuma ka gama yawancin neman kuɗin a wata biyun farko, lokacin da atisaye bai yi nauyi ba.

Guguwa:
Na karɓi batun kwana biyu a jere da na ruwa. Amma ina nan a kan bakana game da fitar ƙarfi, musamman idan akwai tudu. Ɗan Auta ya nemi taswirar hanyar daga masu shiryawa ya ga yawan hawan da ke kowace rana, domin kilomita 110 a shimfiɗe da kilomita 110 mai hawa da gangara ba abu ɗaya ba ne. Idan akwai tudu, fitar ƙarfin nan guda ɗaya da Baba ya amince da ita a yi ta a kan tudu, a hau a zaune da giya mai sauƙi, a gangaro, a sake. Kuma ni ina goyon bayansa ya yi cikakkiyar kilomita 110 sau ɗaya kafin ranar, ko don zuciyarsa ta natsu.

Baban Yara:
A kan tudu ka yi gaskiya. A kan 110 ɗin kuwa, ba dole ba ne. Wanda ya iya yin kashi uku cikin huɗu na tafiyar yini ɗaya, wato kilomita 80 zuwa 85, ya kuma tashi washegari ya yi 60 ba tare da ya galabaita ba, ya shirya, domin ranar tafiyar akwai ayari, akwai tashoshin hutu, kuma yini guda ne a gabansa. Amma idan natsuwar zuciya ce ake nema, ban hana ba, da sharaɗin ya yi ta saura mako uku ko huɗu, kada ta matso kusa fiye da haka. Mako biyun ƙarshe na sauke kaya ne: ya rage yawan awanni kusan rabi, ya bar 'yan gajerun fita masu ɗan kuzari don ƙafa kada ta yi sanyi, ya yawaita barci. A wannan lokacin ne tsoro yake sa mutane su ƙara atisaye, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, abin da ba a samu a mako 14 ba ba za a same shi a kwana goma ba, gajiya kawai za a ɗauka a tafi da ita.

Mai Gyaran Keke:
Wannan ƙa'idar ta shafi keken ma. A kawo shi a duba saura mako uku, ba saura kwana biyu ba, domin sabuwar wayar giya ko ta birki tana ɗan saki bayan 'yan fita, sai an sake ɗaure ta. A auna kaca, idan ta miƙe da kashi 0.5 zuwa 0.75 cikin ɗari a canza ta kafin ta cinye haƙoran giya. A duba robar birki da tayoyi, kuma duk sabon abu, sirdi ne ko takalmi ko wando, ya yi doguwar fita aƙalla biyu kafin ranar. Ɗan Auta, a cikin makon nan ka zauna a gida ka cire tayar baya, ka fitar da tub, ka shafa yatsa a cikin tayar a hankali kamar kana neman ƙaya, ka mayar, ka buga iska da ƙaramin famfon da za ka tafi da shi, ba babban na gida ba. Idan ka gama, ka gaya mini inda ka maƙale, ina zaton wurin mayar da kaca ne.